Tohon da Ke Ƙasan Ɗauri

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini, gara in faɗa tun yanzu. Shekarar ta tafi, sunan unguwar ya bi ta, kuma akwai wata maƙwabciya da na san ta yi ɗawainiya a ciki, amma yau ko fuskarta ba na iya kamowa. Tsufa ɓarawo ne mai kunya, ba ya fasa ƙofa, ɗaiɗai yake ɗauka yana tafiya. Abin da ya bar mini shi zan ba ku. Daga bakin maigidan na ji, malamin da ya yi aikin kuma abokin karatuna ne, shi ya cike mini inda aka samu giɓi.

Maigidan direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin da 'yan kai a kan titi. Da idonsa ya fara gajiya sai ya miƙa makulli ya dawo gida, amma sunan bai bar shi ba, Direba kowa ke ce masa har ya koma ga Allah. 'Ya'yansa duk sun tashi sun watse, sai ta ƙarshe, wadda suke kira Auta. Saura mata shekara biyu ta gama sakandare, burinta aikin jinya, kullum tana ƙorafin rediyon babanta ba ya barin ta karatu. Sai ya ce zai gina mata ɗaki. Da hannunsa ya gina, bulo kan bulo, wata bakwai cur, mutumin da ko akurkin kaji bai taɓa ɗorawa ba. Bangon tagar ya ɗan karkace, amma duk baƙon da ya shigo gidan sai an kai shi ya gani kafin a ba shi ruwa.

Ɗaki ya kammala, sai ga rana tana dukan tagar tun daga azahar. Direba ya ce itace zai dasa.

"Kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba?" in ji matarsa.

"Maman Auta, shekara talatin ina kai wa mutane lemu kasuwa, ni ƙamshi kawai nake samu. Sai na sha nawa kafin in mutu."

"To, Allah ya sa kada ka nemi sitiyarinsa ka rasa."

Akwai wani kwari da ya sani tun yana aiki, tafiyar awa biyu, inda kogi ya shimfiɗa baƙar ƙasa mai maiƙo, irin wadda in ka soka sanda ka juya baya sai ka ji tsoron ta yi ganye. Masu renon dashe sun jeru a bakin hanyar, kowa da rumfarsa da tankin ruwansa, da baƙaƙen ledoji layi-layi har ido ya gaji: mangwaro, gwaiba, gwanda, furanni iri-iri. Na taɓa bi ta wurin da ƙuruciyata, lokacin babu komai sai rake da sauro, amma ba wannan nake faɗa ba. Direba ya je a makare. Damina ta yi nisa, masu manyan gonaki sun riga sun zo da motoci sun kwashe lemu mai aure kaf. Rumfar farko suka ce ya ƙare. Ta biyu suka yi ta ƙoƙarin liƙa masa gwaiba. Ya taka rumfa bakwai ko takwas kafin wata mata mai furanni ta ce masa, "Baba, lemu yanzu? Ai sai baɗi. Amma bi ta bayan tankin can ka tambayi Gajere. Shi ba ya rasa kaya, ban san inda yake samowa ba."

Gajere kuwa yana da shi. Ɗan tsurut ne mai faɗin hannu, wuƙar auren dashe rataye a wuyansa kamar laya. Direba ya bi layin yana dubawa yadda ake duba taya, ya tsaya a kan wani da gindinsa ya fi na sauran kauri, ya ɗan murɗe.

"Wannan ya fi su ƙoshi."

"Idonka bai gaji ba, Oga Direba," in ji Gajere. Ya tsuguna ya nuna masa wani ƙulli a jikin itacen, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. "Ka ga nan? Itace biyu ne ka saya. Na ƙasa lemun tsami ne, shi ke da ƙarfin saiwa, ba ya jin fari, ba ya jin cuta. Na sama lemun zaƙi, shi ke ba ka 'ya'ya. Mun haɗa su aure, ga wurin ɗaurin. Doka biyu zan ba ka. Ka nisanta shi da bango taku shida. Sannan duk tohon da ya fito a ƙasan ɗaurin nan, yanke shi. Kada ka ji tausayi. In ka bar shi zai shanye ruwan, na sama ya mutu, ka tashi da ƙaya da tsami."

Doka ta biyu ta zauna wa Direba daram, domin mutum ne da ya rayu da duba mai da ruwa kowace safiya. Ta farkon ce ya karya. Taku shida ya yi masa nisa, inuwa yake so a kan taga, sai ya haƙa rami kamu biyu daga bangon Auta ya dasa.

Itace ya karɓi wurin. Auta ce ke ba shi ruwa safe da yamma, tana bitar karatunta da ƙarfi a gefensa, har uwarta ta ce lemun nan zai riga ta cin jarrabawa. Shekara ta zagayo, aka shiga ta biyu, ganyensa ya kai taga.

Wata rana bayan la'asar, da rani, Direba ya duƙa ya ga ɗan toho a ƙasan ɗaurin, kore shar, da ƙayarsa siririya. Ya ɗauko wuƙa ya share shi, ya jefa a bola, ya wanke hannu. Yamma ce irin ta kullum. Maman Auta tana kicin, hayaƙi yana fita ta saman ƙofa. Auta ta ɗauki buta. Kaji sun fara shiga akurki da kansu. Rana ta faɗa bayan rufin maƙwabta, ta bar ja a sama.

Sai tsuntsayen da ke hayaniya a kan wayar lantarki suka yi tsit, gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki da hannu.

Wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗakin Auta. Ba ƙarar dutse ba ce, ƙara ce mai nauyi, maras amo. Na biyu ya biyo. Direba ya fita waje da takalmi ƙafa ɗaya yana faɗan 'ya'yan unguwa, bai tarar da kowa ba, layin fayau, ana ta kiran salla. Yana dawowa na uku ya sauka a tsakiyar gidan, gabansa, kuma ba daga gefe ya zo ba, daga sama ya sauko a miƙe. Ya duƙa ya ɗauka. Curin laka ne, baƙi, a jiƙe, mai sanyi, yana warin bakin kogi. Ƙasar unguwarsu ja ce mai tsakuwa, kuma wata huɗu rabon su da ruwan sama.

Da jan sama ya ɓace, jifan ya tsaya.

Aka yi mako uku lafiya, har suka fara mantawa. Sai toho ya sake fitowa, biyu wannan karon. Direba ya yanke. Da almuru laka ta dawo, ta yi ta zuba har sai da kwanon ya lotsa. Maman Auta ta ɗebo ruwa a randa ta kurɓa, ta tofar: ya yi tsami kamar an matse lemu a ciki. A gindin bangon kuma, ta wajen itacen, akwai murya. Ba kuka ba ce, ba magana ba, irin gunagunin tsohuwar da ke neman abin da ta ajiye ta rasa. Auta ta fito daga ɗaki tana riƙe da hannunta. Yatsunta biyu sun tsage, jini yana ɗiga, ta ce ba ta taɓa komai ba, littafi kawai take riƙe da shi.

Washegari matar ta same shi yana shara.

"Baban Auta, ka lura? Ranar da ka taɓa itacen nan, ranar ake jifa."

"Ke kuma da camfi. Itace ne zai yi jifa?"

"Ban ce itace ba. Na ce ka bar shi."

"In bar shi ya koma ƙaya? Mai sana'ar ya ce a yanke. Ni ban taɓa ƙetare umarnin makanike na ga daidai ba."

"To, ga ka ga shi," ta ce, ta koma kicin.

Wannan wurin shi ne Direba ya fi jinkiri a kai lokacin da yake ba ni labarin. Ya ce ya ji gaskiyar maganarta a cikin cikinsa, amma ya riga ya ce camfi, kuma namiji in ya furta magana a tsakar gidansa sai ya ga kamar janye ta mutuwa ce. Da toho uku suka fito, sai da ya jira ta tafi unguwa, sannan ya ɗauko wuƙar.

A wannan magaribar ba a yi jifa ba. Shirun ne ya fi jifan muni. Ya idar da alwala ya ɗago, sai ya ga Auta a tsaye a gindin bango, kusa da lemun, ƙafafunta a haɗe, hannayenta a sake, kanta a sunkuye. Ya kira ta, ba ta amsa ba. Ya kama kafaɗarta zai ja ta, ya ji kamar ya kama turken da aka binne da siminti. Uwarta ta shigo ta jefar da mayafi, suka haɗu su biyu, maƙwabta suka shigo suka zama biyar, ba su gusar da ita ko taku ɗaya ba. Can ta ɗago kai a hankali. Idanunta a buɗe suke amma ba ta cikinsu. Bakinta ya motsa, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito.

"Ina mai wuƙar?"

Da jan sama ya ɓace sai ta sulale ƙasa kamar tsumma.

Kwana tara aka yi a haka, ko goma sha ɗaya, nan ma lissafin ya rikice mini. Da rana tana kwance, ba ta cin komai, ruwa kawai take sha, kofi bayan kofi. An kai ta asibiti sau biyu, suka auna jini suka auna komai, suka ce ba su ga ciwo ba, a ba ta abinci. Kowace safiya da sababbin karce a damatsanta, dogaye sirara, irin na ƙaya. Kowace magariba kuma sai ta tashi da kanta ta je ta tsaya a gindin bango. Wuyanta ya rame, wuyan rigarta ya yi mata yawa. Direba ya daina kunna rediyo. Ya ɗauki gatari sau ɗaya zai sare itacen, yana ɗaga shi Auta ta ƙwalla ƙara daga cikin ɗaki, ƙarar da ta sa ya saki gatarin ya zauna a ƙasa. Matarsa ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ya ce da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Sannan aka kira Malam. Mun yi karatu tare da shi shekara goma sha, yana ɗingishi tun yana yaro, tabaransa ɗaure da zare, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ko a kan ɗalibi. Ya zo bayan la'asar. Bai nemi ganin yarinyar ba tukuna. Ya zagaya tsakar gidan, ya murza lakar da aka tara a kusurwa ya shinshina, ya tsuguna a gindin lemun ya daɗe yana kallon tabon wuƙa guda shida. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a nan, ya ce kowa ya fita sai iyayen.

Da rana ta sunkuya Auta ta fito ta tsaya a wurinta. Malam ya fara karatu, ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Tsuntsaye suka yi shiru. Ganyen lemun ya fara kaɗawa alhali babu iska. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa tun daga gwiwa, haƙoranta suna haɗuwa, har muryar ta fashe.

"Ya isa! Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Sallama nake so mu fara yi, baiwar Allah. Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ba ta yi mini komai ba sai alheri. Ita ke ba ni ruwa. Ubanta za ka tambaya."

"Ke nake tambaya."

Muryar ta yi tsaki mai tsawo, sannan ta sauko. Ta ce akwai wani kufai a can ƙarshen kwarin, da matacciyar rijiya, da tsohon lemun tsami a bakinta. Nan ne gidansu tun mutanen wurin ba su tashi ba. Mutane suka tashi, su suka zauna. Uwar itacen ta tsufa, cikinta ya ruɓe, sai suka watsu cikin 'ya'yanta da suka tsiro a ƙarƙashinta.

"Sai wani ɗan guntun mutum ya zo da diga, ko sallama babu. Ya tumɓuke ni ya cusa a leda. Ya sare mini kai, ya ɗaura mini baƙo a wuya. Na yi haƙuri. Aka kawo ni jar ƙasa mai zafi, aka matse ni da bango. Na yi haƙuri. Hannu ɗaya na miƙo in ga rana da kaina, wannan ya yanke. Na yi masa gargaɗi. Na miƙo biyu, ya yanke. Matarsa ta faɗa masa, ina ji, ya ce camfi. Ya yanke uku." Kan Auta ya juya wajen Direba, a hankali. "Ya yanke tohona, na kama nasa. Ina zaluncin yake?"

Direba ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

"An zalunce ki, ban musa ba. Amma bai san kina ciki ba, ke kuwa kin san ba ta da laifi. Wanda ya sani ya fi wanda bai sani ba nauyin hisabi. Fita za ki yi."

"In fita in je ina? Ku bar mini ita. Ba zan kashe ta ba. Magariba kawai nake so, sauran yinin naku ne."

"Ba a raba mutum kamar gona."

"To a yanka mini baƙar akuya a gindin nan."

"Ba a yi wa kowa yanka sai wanda ya halicce ni ya halicce ki. Kin san wannan, kada ki gwada ni."

Ya koma karatu, ya ɗan ɗaga murya. Auta ta lanƙwashe baya har gashinta ya kusa taɓa ƙasa, ƙafafun ba su motsa ba. Sababbin karce suka riƙa buɗewa a hannunta a gaban idonsu. Uwar ta toshe bakinta da mayafi. Direba ya rarrafo ya kama gefen tabarmar.

"Malam, don Allah! Jikinta ne, jikin Auta ne!"

"Ka ji ko?" in ji muryar, tana haki. "Ƙona ni, Malam, za ka iya. Amma saiwata tana cikinta. In na ƙone ba ni kaɗai zan ƙone ba."

Malam ya dakatar da karatun. Ya faɗa mini daga baya cewa bai san ko gaskiya take faɗa ba ko ƙarya, kuma ba ya gwaji da 'yar mutane. Ya cire tabaransa ya goge.

"Gida kike so, ba yarinya ba. In an mai da ke fa?"

Muryar ta daina haki.

"Bakin rijiyata?"

"Bakin rijiyarki."

"Da uwar saiwata cikakkiya. In ta tsinke a ƙasarku, na zauna ke nan, ni da ita. In ta fito lafiya, ina fita daga 'yarku a lokacin. Kuma kafin ranar gobe ta faɗi ina cikin baƙar ƙasa."

"Na saman fa, a cire miki shi?"

"Bar shi," ta ce, muryar ta yi laushi. "Na saba da shi. Shi ma ba da son ransa aka kawo shi ba."

Malam ya sa ta rantse, ya maimaita sharaɗin ta amsa. Jan sama ya ɓace, Auta ta sulale, uwarta ta tare ta.

Da asuba Direba ya ari ƙaramar motar kaya ya nufi kwarin. Ya tarar da Gajere yana ban ruwa. Bai yi masa faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: gindin lemun nan daga iri ka rene shi? Gajere ya ajiye bokitin. Ya ce a waccan shekarar kasuwa ta fi ƙarfin abin da ya shuka, reno daga iri kuwa shekara guda yake ci kafin ya isa aure, sai ya tuna da kufai, inda tsiro ke nan a banza ba mai shi.

"Da mai shi," in ji Direba. "Ɗauko kayan aikinka."

Da hantsi suka iso gida suka fara haƙa. Gajere ya zana da'ira mai faɗi, ya fara da diga daga nesa, da ya matso ya koma ƙaramar fartanya, daga nan sai yatsu. An kwantar da Auta a tabarma a inuwar kicin, Malam yana zaune a kanta da carbi. Duk lokacin da wata 'yar ƙaramar saiwa ta tsinke sai yarinyar ta zabura ta yi nishi, Gajere ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Azahar ta wuce ramin ya kai masa ƙugu. Sai ya tsaya, ya share gumi, ya kira Direba.

Uwar saiwar ba ta yi ƙasa a miƙe ba. Ta ci karo da tsakuwa, ta karkata ta bi sanyi, ta shige ƙarƙashin tushen ginin ɗakin Auta, kaurinta ya kai babban yatsa.

"Taku shida na ce maka, Oga," in ji Gajere a hankali. "A sana'a, nan muke yankewa. Itacen zai rayu, wallahi zai rayu."

"Ba itacen nake ji ba."

"To ba ta fitowa, sai dai in bangon ya tashi. In na yi rami a ƙarƙashinsa zai zauna mata a kai."

Direba ya dubi bangon. Ya san kowane bulo a cikinsa, ya san wanda ya faɗo masa a ƙafa, ya san inda siminti ya ƙare ya jira mako biyu. Ya dubi inuwa, ta fara tsawo, ga tafiyar awa biyu a gaba. Ya shiga ɗakin ya kwaso littattafan Auta ya miƙa wa uwarta, ya tokare rufin da katako biyu, ya cire tagar. Gajere ya rufe saiwar da buhu da faranti. Wani maƙwabci ya ce a ba shi gudumar, shi ya fi ƙarfi.

"Ni na ɗora," in ji Direba. "Ni na san ta inda zai sauko ba tare da ya faɗa ramin ba."

Daga sama ya fara, bulo ɗaya-ɗaya, yana turawa cikin ɗakin. Abin da ya gina a wata bakwai bai kai awa ɗaya ba ya zama tsibi. Da ya iso tushe ya ajiye babbar guduma ya ɗauki kurfi, yana sassaƙa siminti kaɗan-kaɗan a gefen saiwar, tafin hannunsa ya fashe bai sani ba. Gajere ya kwanta rubda ciki yana bin ta da yatsu a ƙarƙashin daɓen ɗakin, kamu ɗaya, kamu biyu, tana sirancewa, har ta zama kamar zare. Ya zuba ruwa ya jira ƙasar ta yi laushi, ya sake zubawa. Sannan ya ja a hankali, ta biyo hannunsa, har ɗan farin bakinta.

Auta ta yi atishawa sau uku. Ta buɗe ido ta dubi uwarta, ta dubi Malam, ta juya ta ga sarari a inda bangonta yake, da babanta tsaye cikin ƙura, fari fat har gira.

"Baba," ta ce da muryarta, siririya, "wa ya rushe mini ɗaki?"

Uwar ce ta ce, "Mai shi ne. Tashi ki sha kunu... " A'a, ban tabbata abin da ta ba ta ba, na dai san ta ci, ta nemi ƙari.

Ba su tsaya murna ba. Suka naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, Gajere ya rungume itacen a bayan mota. Direba ya ce bai taɓa tuƙi irin na ranar ba, gudu yake so, ga tsoron rami. Inda hanya ta ƙare suka sauka suka ɗauka a kafaɗa, suka ratsa ciyawa. Rana tana kan bishiyoyi suka iso rijiyar, tana taɓa ƙasa suka mai da ƙasa ta ƙarshe. Direba ya zuba ruwan da ya rage, ya yi sallama, ya ce a yafe masa. Ba abin da ya amsa. Tsuntsaye dai suna ta kukansu, ba su fasa ba.

Auta ta warke, ta rasa jarrabawar shekarar ta yi ta gaba. Jifa bai sake sauka a gidan ba.

Abu ɗaya ne ban ji daga bakin kowa ba, da idona na gani, shi ya sa bai ɓace mini ba. Bayan kamar wata guda Malam ya ce in raka shi kufan, akwai kalmar da aljanar ta faɗa da ta tsaya masa a rai: ba ta ce na koma cikin 'yar itacen ba, cewa ta yi muka watsu. Muka ɗauki Gajere ya nuna mana hanya. Lemun Direba yana nan ya kama, har da sabon toho a ƙasan ɗaurin. A ƙarƙashin tsohon itacen kuma, cikin busasshen ganye, akwai ramukan diga, sun ɗan cike amma ana gane su. Na ƙirga da sandata, na sake ƙirgawa. Goma ne, ban da wanda aka mayar. Malam ya tambayi Gajere ina sauran. Ya ce duk a makon da Direba ya sayi nasa ya sayar da su, ga matafiya masu tsayawa a bakin hanya, bai tambayi kowa sunansa ko garinsa ba. Kuma kowannensu, in ji shi, sai da ya koya masa dokar yanke toho.